Ranar da Alkasim Ya Kawo Japan Maijirgi

Alkasim bai taɓa zuwa Japan ba. Iyakar tafiyarsa Kwatano, inda ya yi wata biyu a bakin teku yana taya wani dillali wanke motocin hannu. Amma da yake motocin daga Japan aka sauko da su, kuma a cikin ɗayarsu ya riƙa kwana, shi a ganinsa ya kwana a Japan sau sittin. Ya dawo garinsu Maijirgi da baƙin tabarau da kalmomi biyu na Japananci da ya tsinta a bakin wani ma'aikacin jirgin ruwa. Shekara goma sha biyu yana ba da labarin a rumfar mai shayi, kowace shekara labarin na ƙara ƙiba. Tun ana ce masa Ɗan Japan don tsiya har ya karɓe shi ya zama suna, ya sa aka rubuta da fenti a bayan amalankensa.

Sai Allah ya kawo masa jarrabawa har gida.

Hamsatu, matar yayansa Mamudu, ita ce shugabar ƙungiyar mata masu renon itatuwa a gonaki. Shekara ashirin tana faɗa da masu gatari a kan gawo da kalgo da aduwa, har gonakin matan suka zama abin zuwa kallo. Wata ƙungiya mai biro, wato ofis, a Tasawa ta aiko mata da takarda cewa an gayyace ta taron manoma a Japan, kwana goma. Madam Mardiya, malamar lakwal, wato makarantar boko, kuma magatakardar ƙungiyar matan, ita ta karanta takardar a ƙofar gidan Mamudu, rabin unguwa na saurare. Abu biyu suka fi jan hankalin mutane. Na farko, Hamsatu na da damar tafiya da mutum ɗaya mai jin Faransanci. Na biyu, kwana biyun ƙarshe a wani masaukin gargajiya za a sauke su, sunansa riyokan, har an haɗo da wata takarda daban mai shawarwarin yadda baƙo zai zauna a cikinsa ba tare da ya ji kunya ba.

Aka juya ga Mamudu. Ya ɗaga hannu biyu.

"Kada wanda ya dube ni. Ni da jaki in ya ɗan yi gudu da amalanke nake salati? Ga Madam nan, ta raka ta."

Magana ta kusa ƙarewa ke nan sai ga Alkasim ya ratso taro da tabarau, ya fizge takardar shawarwarin daga hannun Madam Mardiya.

"Wa za ta raka wa? Ina raye a garin nan za a tura mata biyu Japan su je su zubar mana da mutunci? Riyokan! Ni da na san riyokan kamar yunwar cikina!"

"Kai mijina ƙarami, rufa mana asiri," in ji Hamsatu, don tsakaninsu akwai wasan matar wa da ƙanen miji. "Faransancin da ka bari a aji uku ne za ka kai ni Japan da shi?"

"Karatun takarda daban, sanin ƙasa daban. Madam ta karanta, ni na gani."

Liman Abdulhakim, wanda ke zaune gefe yana jan tasbaha, ya gyara murya. "Alkasim, ƙanen miji fa ba muharrami ba ne."

"Allah gafarta Malam, ta sama za mu bi. Wanga hukunci na ƙasa ne, bai kai can ba."

Liman ya yi a'uziyya sau uku, ya koma ga tasbaharsa.

Hamsatu mace ce mai son ta ga ƙarshen abu. Ta ce, "To ba gardama. Ranar Alhamis bayan la'asar Mushe Hisham, jami'in ƙungiyar Tasawa, zai zo daga biro ya ɗauki suna da hoton wanda zai raka ni. Kafin nan ka nuna mini abin da ka sani."

"Nuna miki? Ai Japan ɗin zan kawo miki har Maijirgi. Ranar Alhamis da azahar gidana ya zama riyokan. Kowa ya zo ya koyi wayewa."

Kwana huɗu gidan Alkasim bai huta ba. Ya cire ƙyauren ɗakinsa ya jingine a bayan rumbu, ya haɗa wata ƙofa da karan gero da takardar buhun siminti, ya liƙe da ƙullun gero mai kauri, don takardar ta ce ƙofofin riyokan na takarda ne. Ya kwashe labulayen matarsa Zara'u, masu hoton ɗawisu, waɗanda ta zo da su tun na aure, ya kai wa tela ya ɗinka masa riguna biyu masu buɗaɗɗen gaba. Da Zara'u ta dawo daga rijiya ta tarar da tagoginta tsirara, ba ta ce uffan ba. Duk wanda ya san Zara'u ya san shirunta ya fi zaginta haɗari.

Ya kuma tafi wurin Jaji, wani Bafulatani da ya gangaro daga wajen Issawane da shanunsa yana cin rani kusa da rijiyar gari, ya ari rabin tanon ƙarfe, wato durom da aka raba biyu, da yake shayar da maruƙa a ciki.

"Mi za ka yi da shi?" in ji Jaji.

"Wanka."

"Kai maraƙi ne?"

"Wankan Japan ne, ba za ka gane ba."

"To ka maido mini kafin la'asar ɗin Alhamis. Shanu ba su san Japan ba, ƙishirwa suka sani."

Ranar Alhamis da sassafe ya hau motar kasuwa zuwa Tasawa ya dawo da tarwaɗa biyu masu rai a bokiti. Ya ɗora tanon a kan duwatsun murhu a tsakar gida, ya cika da ruwa, ya hura wuta a ƙarƙashi, ya ce wa Zara'u, "Ko mi ya faru, kada wagga wuta ta mutu."

"To, Malam," in ji Zara'u, da wata irin ladabi.

Bazara ce, irin wadda ƙadangare ke gudu da ƙafa bibbiyu a kan yashi. Amma ana idar da azahar unguwa ta taru. Waɗanda ba su sami wuri ba suka yi cirko-cirko a bayan danga. Alkasim ya tsaya a bakin zaure cikin rigar labule, ɗawisu ɗaya a ƙirji ɗaya a gadon baya, ya ɗaure ƙugu da tsohon rawani. Ya rusuna har tabarau ya kusa faɗuwa.

"Konniciwa!"

"Ka ci wa?" in ji Mamudu. "Mu dai ba mu ci kowa ba."

"Gaisuwa ce, Yaya. Shawara ta ɗaya: a riyokan ba a shiga da takalmi. Kowa ya tuɓe a nan."

Ya duba ƙasa, sai ya ga kowa ya riga ya tuɓe.

"Wa ka taɓa gani ya shiga ɗakin mutane da takalmi a garin nan?" in ji Hamsatu.

"Ba ki bari na gama ba. In an tuɓe, sai a saka waɗannan." Ya nuna silifas jere a gefe.

Liman ya sunkuya ya ɗauki ɗaya, ya juya shi. "Alkasim, waɗannan ai silifas ɗin alwala ne na masallaci. Tun jiya ladan ke zargin yara."

"Aro ne, Allah gafarta Malam, don ilimi. Ku kuma kula da waɗancan." Ya nuna wasu silifas da ya shafa wa jan fenti ya ajiye a bakin salga. "Na kewaye ne kaɗai. A Japan duk wanda ya manta ya taka tabarma da su, jandarma ake kira masa. A gabana aka yi wa wani Bature, babban mutum da gemunsa."

Madam Mardiya ta buɗe baki za ta ce takardar ba ta ambaci jandarma ba, Hamsatu ta taɓa ta da gwiwar hannu.

Aka shiga ƙarƙashin rumfa. Alkasim ya ɗaga yatsa. "Shawara ta biyu, ku daure: babu kujera. A ƙasa ake zama, bisa tabarma."

Kowa na zaune a ƙasa bisa tabarma, yana kallonsa.

"Shawara ta uku: babu gado. Katifa ake shimfiɗa wa mutum a ƙasa."

Fuskar Mamudu ta washe. "Allahu akbar. Ashe Japanawan nan talakawa ne 'yan'uwanmu. Hamsatu, ki tafi musu da ɗan gero."

Aka fashe da dariya har bayan danga. Gumi ya fara tsattsafo wa Alkasim. Ya ga in bai fito da abin da ba su sani ba, Japan za ta ƙare a banza. Ya ɗauko riga ta biyu.

"Yaya, taso. Wannan ita ce rigar da ake ba baƙo. Kai za ka fara sa ta a duk ƙasar Tasawa."

Mamudu ya miƙe ba da son ransa ba. Alkasim ya zura masa, ya ja ɓangaren dama ya rufe na hagu, ya ɗaure tamau, ya ja da baya yana sha'awar aikinsa.

"Kun gani? Sak Bajapane."

"Malam Alkasim, ara mini takardar nan," in ji Madam Mardiya. Ya miƙa mata da yatsa biyu. Ta bi layi da ido. "Nan an ce ɓangaren hagu ake ɗorawa bisa na dama. An ja layi a ƙarƙashi. An ce dama bisa hagu, gawa ake yi wa."

Mamudu ya dubi ƙirjinsa. Ya dubi ƙanensa.

"Alkasim, da raina ka yi mini likkafani? A gaban Liman?"

"Yaya, hagu da dama ai ya danganta da inda mutum ya tsaya."

"Kwance ni! Kwance ni, ɗan nema! Tun muna yara kake son gonar bakin fadama!"

Ƙullin ya ƙi kwantuwa, sai da Hamsatu ta sa haƙori. Mamudu ya jefar da rigar ya koma can nesa kusa da Liman ya zauna, yana tofa addu'a a cikin wuyan rigarsa.

Alkasim ya yi sauri ya juya ga ƙofar takarda. Ya tsaya gefenta kamar mai tallan magani.

"Ku dubi hikima. Ba kwaɗo, ba sakata, takarda kawai. A Japan ladabi ke tsare ɗaki. Ba wanda zai taɓa ta sai an ce ya shigo. Ba a tura ta, jan ta ake gefe a hankali, haka."

Ya ja, ta ƙi. Ya ƙara ja, ta ƙi. Yana cikin kokawa da ita sai aka ji wani ɓarak daga ciki, kan akuya ya ɓullo ta tsakiyar ƙofar, bakinta cike da takarda tana tauna. Awakin Zara'u ne uku. Sun ji ƙanshin ƙullun gero, sun shiga ta tagar da ba labule, sun fara cin ƙofar ta baya tun kafin azahar. Ta biyu ta leƙo ta ƙasa. Ta uku ba ta tsaya leƙe ba, ta fito gaba ɗaya da kara rataye a ƙahonta.

"Waɗannan ba su je lakwal ɗin ladabi ba," in ji Hamsatu.

"Zara'u! Zo ki kama awakinki!"

"Ina wurin wuta, Malam. Kai ka ce kada ta mutu."

Ya kori awakin da kansa, ɗawisu na kaɗawa a bayansa, ya dawo yana haki ya ce a kawo abinci. Shinkafa ce a finjalin shayi, kowa loma ɗaya da rabi, da tsinke bibbiyu da ya fere daga kara. Mamudu ya yi ta farautar ƙwayar shinkafa ɗaya har ya gaji ya kafa finjalin a baki. Sai Alkasim ya ajiye babban faranti a tsakiya ya buɗe. Tarwaɗa ɗaya ya yayyanka ɗanya, ɗayar kuma ya kwantar da ita sukutum a gefe don ado. A bakin farantin akwai wani koren abu, don takardar ta ambaci wani koren yaji mai hawa ka. Shi kuwa ya daka ɗanyen barkono da ganyen bedi, wato dogon yaro.

"Ba a dafa ba?" in ji Hamsatu.

"Dafa kifi ƙauyanci ne."

Aka dubi Liman. Liman ya shafa gemu. "Halal dai halal ne. Amma ba duk halal ke da hankali ba."

Yana rufe baki tarwaɗar ado ta tuna ba ta mutu ba. Ta yi wani tsalle ta mari farantin da wutsiya ta faɗa cinyar Mamudu. Mamudu ya kurma ihu ya yi baya ya danne Liman. Sai da mata biyu suka rufe ta da ƙwarya.

Da ƙura ta lafa Hamsatu ta tura farantin gaban Alkasim. "Mai masauki ke fara ci. Ko a Japan ba haka ba ne?"

Ido sama da hamsin na kansa. Ya soki yanka ɗaya da tsinke, ya dangwala a koren abin har ya ɓace, ya jefa a baki. Ya tauna sau ɗaya. Jijiyar wuyansa ta miƙe. Hawaye suka gangaro ta ƙarƙashin tabarau.

"Kuka kake?"

"Na daɗi ne," in ji shi da wata murya siririya. "Can in ba ka yi hawaye ba mai girki haushi yake ji."

"To ƙara, kada Zara'u ta ji haushi."

Ya ƙara. Ya haɗiye na uku ke nan cikinsa ya yi wata ƙara da har na bayan danga suka ji. Ya miƙe a hankali, ya rusuna, ya taka uku cikin natsuwa, sauran ya cike da gudu. Ya daɗe. Da ya dawo ya tsaya tsakiyar tabarma yana share goshi.

"To, ina muka tsaya?"

Kowa ƙafar Alkasim yake kallo. Ya duba. Jajayen silifas ne.

"Madam," in ji Hamsatu, "kina da lambar jandarma a talho ɗinki?"

Wannan karon dariyar ta kai har wata tsohuwa sai da aka riƙe ta. Alkasim ya watsar da silifas ɗin. Ya san saura abu ɗaya ya rage masa, kuma shi ne babba.

"Ku yi dariya. Duk wannan share fage ne. Zuciyar riyokan wanka ne. Ku biyo ni."

Aka bi shi tsakar gida. Tanon na zaune bisa murhu, wuta na ci bal-bal a ƙarƙashinsa. Zara'u na gefe da tulin itace, fuskarta fes. Da ta ga ruwan ya fara ƙonewa ta juye masa bido biyu, wato jarka biyu, na ruwan sanyi, don haka samansa ya yi lumui, ba ya ko tururi sosai.

Alkasim ya yi bayani. Sai mutum ya yi wanka tsaf da sabulu a waje, sannan ya shiga ruwan zafi ya zauna. Ruwa ɗaya kowa ke shiga. Kuma ba a shiga da tufa ko ƙyalle.

Liman ya miƙe tsaye. "Maza su taru tsirara a ruwa ɗaya?"

"Da hakimai da attajirai, Allah gafarta Malam."

"Na tafi." Ya yi taku biyu, ya tsaya, ya dawo. "Zan tsaya don in zama shaida."

"Saboda darajar Malam zan bar gajeren wando," in ji Alkasim. Ya tuɓe rigar ɗawisu, ya watsa ruwa a jiki da buta, ya ninke hankici ya ɗora a ka, don takardar ta ce a ka ake ajiye ƙaramin tawul.

"Malam Alkasim," in ji Madam Mardiya, "nan an ce ruwansu daga ƙasa yake ɓulɓulowa da zafinsa. Ban ga inda aka ce a hura wuta a ƙarƙashin ƙarfe ba."

"Madam, na gaya miki. Ke kin karanta, ni na gani."

Daidai nan aka ji sallamar Jaji daga bayan danga, da sandarsa a kafaɗa, shanu goma sha a bayansa.

"Ɗan Japan, la'asar ta yi. Tanona."

"Minti goma, Jaji. Bajapanen kirki minti goma yake yi."

Ya tsoma hannu, ya ji ruwan daidai. Ya yi murmushi ga jama'a, ya dafa bakin tanon, ya faɗa ciki gaba ɗaya ya zauna daɓas.

Ruwan sama ne ke lumui. Gindin tanon kuwa tun safe yake shan wuta, ya yi zafin da za a soya waina a kansa.

Alkasim bai motsa ba. Murmushin na nan a fuskarsa, amma ya bushe. Idanunsa suka fito har ana ganinsu ta saman tabarau.

"Da daɗi?" in ji Hamsatu.

"Ƙwarai." Ya juya kai kaɗan, ya yi ƙasa da murya. "Zara'u, rage wuta."

"Mi ka ce, Malam?"

"Rage wuta."

"In ƙara?" Ta tura wani gungumen kalgo.

"Ki kashe ta! Wayyo Allah, na dahu! Jama'a, na dahu!"

Ya yunƙura zai miƙe, gwiwoyinsa suka tokare jikin tanon, ƙafarsa ta taka gindin ya ƙara kurma ihu. Ya jijjiga hagu, ya jijjiga dama, tanon ya zame daga kan duwatsu ya kife da shi. Ruwa ya afka wa wuta, toka da tururi suka turnuƙe gidan. Ruwan ya bi gangare ta zaure ya kwashi silifas ɗin masallaci da takalman baƙi ya fita da su waje. Shanun Jaji, waɗanda tun safe ba su sha ba, suka ji ƙanshin ruwa. Ba su nemi ƙofa ba. Suka kwantar da danga da masu leƙen da ke jikinta suka shigo. Mata suka watse da salati, Liman ya haye turmi yana riƙe da tasbaha sama, Mamudu kuwa ba wanda ya san yadda aka yi sai ganinsa aka yi a kan rumbu.

Alkasim ya rarrafo daga cikin tano, jiki duk toka, hannu biyu a baya, ya zura ta zaure da gudu. A ƙofar gida ya yi karo da wani mutum mai fararen kaya da ya sauko daga moto, wato babur, yana riƙe da jaka. Mushe Hisham ne. Ya dubi takalman da ke yawo a ruwa, ya dubi saniyar da ke leƙowa ta zaure, ya dubi mutumin da ke gabansa da gajeren wando da tabarau da hankici har yanzu a ka.

"An ce mini nan zan sami Madam Hamsatu da wanda zai raka ta."

Alkasim ya tattaro abin da ya rage masa na mutunci. Ya haɗa ƙafa, ya rusuna gwargwadon yadda ƙuna ta bari, ya saki kalmarsa ta biyu.

"Arigato."

Mushe Hisham ya ja da baya. "Wa kake zagi?"

"Ya fara batsa kuma," in ji Liman daga kan turmi. "Zafin ya hau masa ka."

Hamsatu ta fito tana tsane zanenta, riƙe da hannun Madam Mardiya. "Mushe, sannu da zuwa. Ga wadda za ka ɗauka hoto. Wancan mai masauki ne, bai gama sallamar baƙi ba."

Jaji ya zo ya wuce ta gabansu yana gangara tanonsa, ko kallon Alkasim bai yi ba.

Kwana tara Alkasim ya yi a kife, Zara'u na shafa masa man shanu da gashin kaza, a ɗakin da ba ƙyaure ba labule, duk mai wucewa sai ya leƙo ya yi masa sannu. Da ya warke ya ɗaure danga, ya mayar da ƙyaure, ya kai wa ladan silifas, ya sayo wa Zara'u sababbin labulaye. Rumfar mai shayi kuwa ya yi wata biyu bai taka ba.

Bayan ruwan farko ya sauka Hamsatu da Madam Mardiya suka tafi, suka dawo lafiya. Ranar dawowarsu gidan Mamudu ya cika. Alkasim ya zo daga baya ya raɓe a bakin zaure, ba tabarau. Wani ya tambayi Hamsatu ko abin da Ɗan Japan ya koya musu akwai gaskiya a ciki.

"Ku ji tsoron Allah, akwai," in ji ta. "Takalmi a waje, rigar a hagu bisa dama, kifi ɗanye, duk mun tarar. Ruwan zafin ma mun shiga, mata daban maza daban. Ban taɓa jin daɗin ƙashina irin ranar ba. Mai masaukin wata tsohuwa ce, ta yi mamaki yadda ba mu yi kuskure ko ɗaya ba. Ta sa tafinta ya tambaye mu wa ya koya mana. Ni kuwa na ba ta labari tun daga akuya har tano."

"Mi ta ce?" in ji Mamudu.

"Ta yi dariya har ta kwanta bisa tabarma. Ta kira mijinta aka sake, ta kira masu girki aka sake. Kafin mu taho duk wanda ya gamu da mu a gidan sai ya kama bayansa da hannu biyu ya yi tsalle. Har suna suka sa masa."

Alkasim ya matso. "Suna? Ni?"

Madam Mardiya ta ce, "Tafinta ya ce ma'anarsa, mutumin da ya dafa kansa."

Gidan ya kaure da dariya. Alkasim ya jujjuya maganar a ransa. Can sai ya sa hannu a aljihu, ya zaro tabarau, ya goge da bakin riga, ya maƙala. Ya juya ga jama'a.

"Kun dai ji da kunnenku. Shekara goma sha biyu ina gaya muku an san ni a Japan, kuna cewa ƙarya nake."

Ya nufi rumfar mai shayi, yana tafiya a ɗan buɗe.